Jarumin Roba: 'Yar Tsana Ce ko Mutum-mutumi?

Idan Sallah ta ƙarato, masu kayan koli a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Birchi, sukan cika tebur da kayan wasan yara. A tsakiyar bindigar ruwa da balan-balan da ƙananan motoci, yanzu ba a rasa sojan roba, ko Spider-Man, ko ɗan kokawa mai murɗaɗɗen damtse, galibinsu ƙirar ƙasar Sin. Yaro namiji zai yi ta magiya a saya masa, amma da zarar an ce 'yar tsana ya saya, sai ya ɓata rai. A Amurka da Japan kuwa, manya masu gemu ne ke tara irin waɗannan jarumai, kuma su ma ba sa son a kira su da wannan suna. Gardamar kamar ta raha ce, amma ta taɓa kai mutane kotu, kuma a ƙasar Hausa tana da nauyin da ba ta da shi a can.

Kafin zuwan roba, yarinyar karkara da hannunta take haɗa 'yar tsanarta. Takan samo ƙashin ƙafar tunkiya, musamman bayan layya, ta wanke ta shanya, ta liƙa danƙo a kan gaɓar, ta dasa baƙin zare ta yi masa kitso, ta maƙala 'yan duwatsun ado. Zane da kallabi kuwa, ƙyallen da tela ya zubar sun wadatar. Wadda ba ta samu ƙashi ba ta yi da kara ko totuwar masara. Sau da yawa ba hannu, ba ƙafa, ba hanci, amma ana goya ta, a yi mata wanka, a raɗa mata suna. Har aure ake yi mata: ƙawaye su haɗa lefe a gwangwani, a tuƙa tuwon ƙasa, a kai amarya da guɗa. Bikin 'yar tsana makaranta ce ta raino da zumunci da sanin yadda ake fita kunyar biki.

Yara maza ma ba su zauna hannu rabbana ba. Su ne masu motar kara da ta langa-langa, su ne masu zuwa bakin kududdufi da damina su murza laka su fitar da sa mai tozo, ko doki da mahayinsa. Wannan mahayin na laka sura ce ta mutum, yaro yana yi masa magana, yana tura shi yaƙi. Amma babu mai ce masa 'yar tsana. Abin da ya raba su shi ne hannun da ke riƙe da su da wasan da ake yi da su: waccan ana renonta, wannan ana tura shi fagen fama.

Kunyar da ɗa namiji ke ji a ce yana wasa da 'yar tsana ita ce 'yan kasuwar Amurka suka mayar jari. A 1959 kamfanin Mattel ya fito da Barbie, ta samu karɓuwa a wajen 'yan mata. Kamfanin Hasbro ya so ya yi wa maza irinta, sai a 1964 ya fito da soja mai suna G.I. Joe, tsawonsa kusan santimita 30, gaɓoɓinsa na lanƙwasuwa, ana canza masa kaki da takalma da hula kamar yadda ake canza wa Barbie riga. Kamfanin ya san iyayen wancan zamani ba za su saya wa ɗansu 'yar tsana ba, don haka ya guje wa kalmar a tallansa, ya ƙirƙiro sabon suna mai nuna cewa wannan surar ta gwagwarmaya ce. Dabarar ta ci. Da kamfanin Kenner ya fito da ƙananan jaruman fim ɗin Star Wars a 1978, sunan ya riga ya zauna daram.

Daga baya kuɗi ya sake tayar da zancen. Dokar kwastan ta Amurka ta kasance tana ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari a kan 'yan tsana, wato masu surar ɗan Adam, da kashi 6.8 a kan sauran kayan wasa. Kamfanin Toy Biz, mai shigo da jaruman X-Men daga Sin, ya kai ƙara yana cewa jarumansa ba mutane ba ne. A watan Janairun 2003, mai shari'a Judith Barzilay ta Kotun Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka, bayan ta duba fukafukai da farata da launin fatar jaruman, ta yarda da kamfanin. Masoya X-Men da yawa ba su ji daɗi ba, domin jigon labarin shi ne fafutukar waɗannan halittu ta a karɓe su a matsayin mutane. Sauran jarumai masu cikakkiyar surar mutum, irin su soja da ɗan kokawa, wannan ma'aunin bai fitar da su daga sahun 'yan tsana ba.

Masu tarawa suna da tasu hujjar: ba wasa suke yi da su ba. Jarumin da aka buɗe kwalinsa darajarsa ta faɗi, shi ya sa ake barinsa a rufe, a jera a kabad mai gilashi, a kare shi daga rana da ƙura. A 2024 an yi gwanjon wani samfurin Boba Fett na fim ɗin Star Wars, wanda Kenner ya ƙera a 1979 bai kuma fitar da shi kasuwa ba, a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Abin da ya kai haka, in ji su, kadara ce. Sai dai masu tara Barbie ma haka suke yi, kuma ba su taɓa ƙyamar sunan ba. Hasali ma, lokacin da Haneefah Adam, 'yar Nijeriya, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, babbar mace ce mai digiri, ba ta kuma nemi wani sabon suna ta fake da shi ba.

A nan ne lissafin Bahaushe ya sha bamban da na Ba'amurke. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a Katsina da sauran ƙasar Hausa, cikakkiyar surar abu mai rai, mai jiki da inuwa, haramun ce a ƙera ta. Amma malamai sun keɓe abin wasan yara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW). A ruwayar Abu Dawuda, a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai biyu, wanda ya sa Manzon Allah dariya da ya ji bayaninta. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya kafa hujja da hadisin farko wajen halatta 'yan tsana don horar da 'yan mata kan raino da sha'anin gida. Akwai kuma hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, cewa sahabbai mata kan yi wa yaransu abin wasa na ulu don su shagala da shi ranar azumin Ashura. Malaman wannan zamani sun yi saɓani kan na roba masu cikakkiyar fuska, wasu sun ƙyale, wasu sun fi son a shafe kamannin. Duk da haka tushen rangwamen ɗaya ne: yaro ne, kuma wasa yake yi.

Idan aka cire yaron, aka cire wasan, me ya rage? Sura a tsaye, an killace ta, ana tattalinta. A 2021 hukumar Hisbah ta Kano, ƙarƙashin Shaikh Haruna Ibn Sina, ta hana teloli da masu shagunan tufafi kafa mutum-mutumi mai kai don tallar kaya. Mutane sun yi ta muhawara a kan matakin, amma ya nuna inda ido yake: abin da ake kallo shi ne surar da babba ya kafa. Saboda haka saurayin da ya dawo daga jami'a da Batman a kwali, ya ɗora shi a kan kanta, ya ce wannan ya wuce 'yar tsana, ya fitar da shi daga sunan da ke ba shi kariya, ya kai shi sahun da malam zai yi masa tambaya a kai. Gudun gara ne, a faɗa gidan zago.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne a bar aiki ya raɗa suna. Jarumin da ke hannun yaro a Birchi, wanda aka karya wa ƙafa a yaƙi aka ɗaure da zare, ɗan'uwan 'yar ƙashi ne da mahayin laka, kuma babu abin kunya a ce masa 'yar tsanar maza. Wanda ke cikin gilashi, ba a taɓa shi, ana jiran farashinsa ya hau, mutum-mutumi ne, ko na Spider-Man ne ko na Barbie. Mai shi yana da damar ƙin sunan 'yar tsana, amma sai ya shirya ɗaukar abin da ɗaya sunan ke jawowa.