Sharhi a kan Fassarar Kalmar "Tsunami" da Hausa

Kalmar "tsunami" ta yaɗu a Hausa ta hanyar rediyo da jaridu bayan bala'in 26 ga Disamba, 2004, lokacin da girgizar ƙasa a gaɓar Sumatara ta tayar da igiyoyin da suka halaka mutane fiye da 200,000. Wannan sharhi zai auna yadda mafassara suka karɓe ta.

Asalinta Japananci ne, daga "tsu", wato tashar jiragen ruwa, da "nami", wato igiyar ruwa. Akwai hikima a sunan. A tsakiyar teku tsayin igiyar ba ya cika wuce mita 1, ko da yake gudunta yakan kai kilomita 700 a awa. Sai ta iso gaɓa take tashi kamar bango. A 1896 masuntan Sanriku da ke can cikin teku ba su ji wucewarta ba, sai da suka komo suka tarar da garuruwansu a rushe. Ke nan Japanawa sun laƙaba mata sunan wurin da take ɓarna.

Wajen rubutu aron bai ba da wahala ba, domin gaɓar "tsu" tana nan a "tsuntsu" da "tsumma", duk da cewa furucin Bahaushe tunkuɗau ne, na Bajapane kuwa ba haka ba. Matsalar tana wajen kalmar da ake jingina ta da ita. Masu cewa "guguwar tsunami" sun kauce, don babu hannun iska a ciki. "Ambaliyar tsunami" ta fi dama, amma ita ma da sauranta. Manomin Unguwar Gai ko na Rano, in ya ji "ambaliya", abin da zai zo masa shi ne ruwan Agusta, ko fashewar madatsa irin ta Bagauda a 1988. Sai ya ɗauka damina ce ta yi ƙarfi a Japan a 2011, alhali ƙasan teku ne ya motsa.

Bajapane yana zaune a bakin teku, ambaton tasha ya ishe shi. Bahaushe kuwa yana nesa da teku, don haka sanadin ne ya kamata a bayyana masa. A ganinmu a bar "tsunami" yadda take, amma a farkon ambato a ce "igiyar girgizar ƙasan teku". Ya kamata masu ƙamus da malaman labarin ƙasa su tsayar da magana ɗaya, tun kafin kuskuren ya zauna a littattafan makaranta.