Jinjina ga Maginan Ƙasa

A shekarar 2010 aka sa katafila ta ture Ƙofar Na'isa a Kano don a faɗaɗa hanya. Daga baya an sake gina wata a wurin, amma duk wanda ya san ta da, ya san ba ita ba ce. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kuwa, kullum cinye ta ake yi, nan a ɗebi ƙasa, can a yanka fili.

Ni dai yau maginan gargajiya nake wa jinjina, masu riƙe da abin da ya rage. Ka tsaya ka ga magini yana murza tubali da tafin hannu, ya jera su a rana kamar ƙwai. Yaransa na cuɗa ƙasa da ciyawa da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta iya mata. Kafin damina kuma sai ya hau soro ya gyara indararo, ya shafe bango da makuba. Aiki ne na shekara-shekara, ladansa kaɗan, ga raini, wai ginin ƙasa na talaka ne.

Talaka? Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasar nan ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya. Falke Barmu ya gina masallacin Yama a Nijar, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Sannunku da aiki, gwanaye. Allah Ya ƙara wa hannu albarka.