Daga Majigi Zuwa Ƙagaggen Labari

A shekarar 1992 Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta mayar da wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina, Kulɓa Na Ɓarna, ya zama fim. A majigi mun ga fuskar Zaliha, amma abin da zuciyarta ke saƙawa game da Alhaji Ruwan-Ido sai dai mu yi hasashe. Cike wannan giɓi shi ne babban aikin marubucin da zai juya fim zuwa ƙagaggen labari, tafarkin da Sembene Ousmane na Senegal ya bi da Guelwaar, fim a 1992, littafi a 1996. Wanda kuwa ya kwashe hirar 'yan wasa kurum ya zuba a takarda, a ganinmu, ƙashi ya miƙa wa mai karatu, babu tsoka.