Ƙananan Tireloli da Ba Sa Fita Daga Kwali

Ƙaramin layin dogo na cikin ɗaki ba ya cika da jirgi da taragai kaɗai. Sai an gina masa tasha, a shimfiɗa titi, a sa manyan motocin da ke kawo kaya bakin dogo. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a Turai da Amurka, ana rage girman komai sau 87, don haka tirela mai tsawon mita 16.5 takan fito kusan santimita 19. A Ingila an fi son ma'aunin OO, wato sau 76.

Jamus ce cibiyar sana'ar ƙera waɗannan ƙananan motoci. Kamfanin Wiking ya yi fice da motocin roba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan Herpa na garin Dietenhofen ya shigo a 1978 da aiki mai tsafta, har madubin gefe da kujerar direba suna fitowa sarai. Daga baya kamfanonin sufuri suka riƙa sa a ƙera musu ƙananan tireloli masu ɗauke da tambarinsu, ƙwaya kaɗan, domin talla. Hakan ya haifar da masu tarawa waɗanda ba ruwansu da jirgi. Su saya su jera a kabad ɗin gilashi, wasu ko kwalin ba sa buɗewa don kada daraja ta faɗi.

Wannan ɗabi'a tana tauye aikin maƙeran. An yi motar ne don ta tsaya a inda ake lodi, ta nuna wa mai kallo wane gari ne, wane zamani ne. Tirelar kwantena ta yau kusa da jirgi mai hayaƙi na shekarun 1950 kuskure ne da ido ke kamawa nan take, kuma sanin haka shi ne rabin gwanintar. Sauran rabin yana ga fenti. Mota daga kwali takan yi sheƙi fiye da kima, shi ya sa gwani ke dusashe ta, ya sa ƙura a tayoyi, tsatsa a gindin bodi, baƙin hayaƙi a bakin salansa. Mai tarawa yana ganin an lalata kaya, alhali a lokacin ne motar ta fara kama da ta gaske.

Akwai ma ƙananan motoci masu tafiya da kansu. A tsarin Faller Car System, batir ke tura motar, ɗan maganaɗisu a gabanta kuma yana bin wayar ƙarfe da aka binne ƙarƙashin titi. Da irin wannan dabara motoci ke zirga-zirga a Miniatur Wunderland, wurin baje kolin ƙananan layukan dogo na birnin Hamburg, wanda aka buɗe a 2001, suna tsayawa a danja suna kunna sigina.