"Wai" da "Ashe": Salula da Tsarin Labari a Fim ɗin Zullumi

1. Gabatarwa

Abin da muke nufi da fim ɗin zullumi a wannan maƙala shi ne fim da aka gina bisa jinkirta sani: akwai abin da wani ya sani, wani bai sani ba, mai kallo kuma yana jiran lokacin da za su haɗu. Todorov (1966) ya nuna cewa labarin bincike labari biyu ne, na laifi da na gano laifi. Hitchcock kuma, a hirarsa da Truffaut, ya bambanta mamaki da zullumi: idan bam ya tashi ba zato, an samu mamaki na ɗan lokaci, idan mai kallo ya riga ya ga bam ɗin ƙarƙashin tebur, duk hirar da ake yi a kansa ta zama zullumi. Tambayarmu ita ce: me ya faru da wannan tsari tun da salula ta shiga aljihun taurarin fim, ta kuma zama allon kallo?

2. Kalmomin sani a Hausa

Hausa tana da ƙananan kalmomi masu nuna matsayin mai magana game da abin da yake faɗa. A duba:

(1) Wai Audu ne ya ɗauki kuɗin.
(2) Ashe Audu ne ya ɗauki kuɗin!

A (1) mai magana ya ji ne, bai ɗauki alhakin zancen ba. A (2) ya gano abin da ya saɓa wa zatonsa. Muna iya cewa fim ɗin zullumi tafiya ce daga (1) zuwa (2), gwanintar mai shiri kuwa tana cikin tsawon hanyar da abin da ya shimfiɗa a kanta.

A fina-finan kaset da suka biyo bayan Turmin Danya (Kano, 1990), nisa da jiki ne ke tsawaita hanyar: ɗan aike ya makara, wasiƙa ta faɗa hannun wani, ko wata ta laɓe bayan ƙyaure ta ji rabin zance. Da zuwan salula Najeriya da Nijar a 2001, waɗannan dabaru suka raunana, domin kira guda ya isa ya warware abin da dā zai ci rabin fim. Sai dai salula ta kawo wani giɓi. Wanda ya ɗauki tarhon gida an san inda yake, wanda ya ɗauki salula sai an tambaye shi "kana ina?". Kalmar "nan" a bakinsa ba ta da shaida. Murya ta rabu da wuri, kuma a wannan rabuwa ne zullumin zamani yake zaune.

3. Misalin Drishyam

Mun zaɓi fim ɗin Indiya saboda tsohuwar shaƙuwar masu kallo Hausawa da su, wadda fassarar Algaita da ire-irenta suka ƙara wa ƙarfi. Drishyam na Jeethu Joseph ya fito a 2013 da harshen Malayalam, aka sake shi da Hindi a 2015. Ɗan wata babbar jami'ar ƴan sanda ya ɗauki hoton wata yarinya a ɓoye da salularsa, ya zo yi mata barazana, ya mutu a gidansu. Uban yarinyar, wanda bai yi nisa a lakkol ba amma ya ƙoshi da kallon fim, ya sa layin mamacin a wata salula, ya jefa ta cikin babbar mota mai tafiya nesa. Masu bincike suka bi sawun layi, gawa kuwa ba ta bar garin ba.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne mataki na biyu. Uban ya kai iyalinsa tafiya bayan aukuwar abin, ya tara tikitin mota da na sinima, sannan ya riƙa maimaita wa mutanen da suka gan su labarin tafiyar da wata rana dabam, har ranar ta zauna musu. Da aka kira su shaida, abin da ya kamata su faɗa da "wai" sai suka faɗe shi da "na gani". Ma'anar sunan fim ɗin ma ita ce abin da ido ya gani. Ke nan fim ɗin bai ɗauki na'ura a matsayin mai faɗin gaskiya ba. Ya nuna sawunta alama ce, alama kuwa ana iya ƙirƙira ta. Searching (2018) ya bi wata hanya: duk labarin a fuskar ordinater da salula yake, har kalmar da uba ya rubuta ya goge kafin ya aika ta zama zance.

4. Fim ɗin Hausa mai dogon zango

Kwana Casa'in (Arewa24, 2019), da Labarina na Aminu Saira da Izzar So (2020), sun zo a lokacin da YouTube da masu tura fim a kart memwar suka maye gurbin faifai. Wannan ya taɓa sigar labari ta fuska biyu. Na farko, "ashe" ba ta jiran ƙarshen fim. Kowane mako sai an bayar da ƙaramarta, a rufe da sabuwar "wai", don mai kallo ya dawo. Na biyu, ƙaramin allo ya fi karɓar fuska da magana bisa faɗin fili, saboda haka zullumi ya koma cikin zance.

Sukarmu a nan take. Sau da yawa ana amfani da salula ne a matsayin tsohon ƙyaure: wani ya ji kira daga bayan ƙofa, ko an naɗi murya an kunna a gaban jama'a, magana ta ƙare. Rikodi ya zama alƙali wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Amma a yau da ake iya kwaikwayon murya da fuska da na'ura, hoto ma ya koma ƙarƙashin "wai". Haka kuma rubutaccen saƙo da ake nunawa a allo aro ne daga fina-finan waje, alhali saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙar mai kallo da bai yi boko ba, kuma yana ɗauke da karin harshe, da numfashi, da ƙarar bayan fage, duk abubuwan da mai bincike zai iya bi.

5. Mai kallo a Damargu

A fim ɗin Turai, ɗaukewar rezo dabara ce da masu suka ke yi wa dariya. Ga makiyayi a yankin Tenhya, arewa da Tanut, nisa da rezo al'amarin yau da kullum ne, labari kuma har yanzu yana bin rijiya da kasuwa. A kudu kuma, hukumomin Najeriya sun rufe layukan waya a Zamfara a Satumba 2021 domin yaƙi da ƴan bindiga, waɗanda cinikin fansarsu da salula ake yin sa: murya ba wuri, kamar yadda muka bayyana a sashe na 2. Mai kallo a nan ya san salula tana ceto, tana kuma isar da barazana. Fim da ya mayar da ita maganin kowane ƙulli ya gaza sanin da mai kallonsa yake da shi.

6. Kammalawa

Na'ura ba ta kashe zullumi ba, ta sauya tambayarsa ne, daga "yaushe labari zai iso?" zuwa "wa ya ce, daga ina, kuma da wace shaida?". Muna ba ɗalibai shawarar su ɗauki zango guda na ɗaya daga cikin waɗannan fina-finai, su ƙidaya "wai", "an ce" da "ashe", su lura da wurin da kowace ta faɗo dangane da kiran waya. Daga nan za a iya auna ko hasashen wannan maƙala ya tsaya.