Lambobi Huɗu Na Baturen Da Ya Fara Sauke Jirgin Sama A Kano

Cikin 1990 wani malamin tarihi mai suna Vincent Orange, wanda ya daɗe yana koyarwa a ƙasar Niyu Zilan, ya buga wani littafi da Turanci, ya sa masa suna Coningham. Tarihin wani babban hafsan mayaƙan sama na Ingila ne, Sir Arthur Coningham. Watakila ku ce, ina ruwan ɗan makarantar Anka ko Gummi da Baturen da aka haifa a Ostareliya tun 1895? To, akwai ruwanku. Shi ne ya ja jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman.

Wanda ya duba sunan mutumin nan zai ga an jera masa haruffa a baya kamar jerin gwanon raƙuman Azbinawa. Huɗu daga cikin lambobin ya same su ne da hannunsa a kan jirgi: D.S.O., da M.C., da D.F.C., da A.F.C. Wannan shi ne kirarin Turawa. Inda makaɗan Sarkin Zamfara na Anka za su kwana suna zuba wa gwarzo kirari, su Ingilishi sai su taƙaita abin da haruffa uku, su liƙa masa ƙyalle a ƙirji. Kirari kuwa, kun sani, ba ƙarya ba ne, amma kuma ba shi ne dukan labari ba. Da wannan mudu mu ke so mu auna littafin: shin marubucin ya leƙa bayan kirarin, ko kuwa ya tsaya yana yi masa amshi?

Farkon littafin ya yi daɗi, don bai ɓoye tushen mutumin ba. Ubansa gwanin wasan kurket ne, amma ya zubar da mutuncinsa wajen wata shari'a ta abin kunya, har dole suka yi ƙaura zuwa Niyu Zilan. Can yaron ya tashi. Da yaƙin Jamus na fari ya tashi cikin 1914 ya shiga soja, zazzaɓi ya kayar da shi, aka sallame shi cikin 1916. Maimakon ya zauna gida, sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila ya koyi tuƙin jirgin sama. Abokansa suka laƙaba masa Maori, watau sunan ƙabilar asali ta Niyu Zilan, baki ya lanƙwasa shi ya koma Mary. Haka namijin duniya ya ƙare rayuwarsa ana kiransa da sunan mace, bai kuwa damu ba.

Lambobi uku na fari a sararin Faransa ya samo su. Cikin 1917 aka ba shi M.C. da D.S.O., bayan karon da ya yi ta yi da jiragen Jamus, har aka ji masa rauni cikin watan Yuli. Ya warke, ya komo cikin 1918 yana shugaban runduna ta 92, yana da shekara 23, aka sake ji masa rauni, aka ƙara masa D.F.C. Jiragen abokan gaba 14 aka lasafta masa, waɗansu shi kaɗai, waɗansu da taimakon 'yan'uwansa. Nan ne samari za su fi jin daɗin karatu, mu ma ba mu hana ba. Mutumin da zai hau jirgin katako da zane, ba laimar saukowa, ya nufi bakin bindiga, ba wanda zai yi masa gardamar zuciya. Amma mu tambayi kanmu, da a ce jiragen nan 14 ba su faɗi ba, yaƙin zai sake hali? Ko kusa.

To, sai lamba ta huɗu, A.F.C. Ita ce ƙanwar D.F.C. a tsarin girma, ƙyallenta ja da fari. Ana ba da ita ne ga wanda ya yi jaruntaka a sama ba a gaban abokan gaba ba. Saboda tafiyar Kano aka ba shi ita, tafiyar da ba a harba ko harsashi guda ba. Ran 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku da mutum shida suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka bi Kartum, da Fashir, da Abeshe, da Fotlami (wadda a ke kira Injamena yanzu), da Maiduguri, rana ta shida suka iso Kano. Suka taɓa Kaduna, sa'an nan suka juya, ran 19 ga Nuwamba suna gida, ba jirgin da ya salwanta.

A ganinmu wannan ƙaramar lamba ta fi sauran ukun nauyi, ga kuma dalili. Cikin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi wajen Hitila, Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa. Ingilishi na Masar suna bukatar jirage, zagaye Afirka ta teku kuwa sai an yi watanni. Sai aka tuna da hanyar 1925. Daga watan Satumba na 1940 aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna a sauke su Takoradi, a harhaɗa, su tashi su bi Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fotlami, har Masar. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Wa ke can yana jiransu? Shi dai Coningham ɗin, don tun 1941 shi ne shugaban mayaƙan sama na hamadar Masar da Libiya, da su kuma aka karya Romel a Alamain cikin 1942. Mutum ya haƙa rijiya yana saurayi, shekara 16 bayan nan ƙishirwa ta kawo shi bakinta. Mai karanta haruffan kaɗai ba zai taɓa gane haka ba, sai wanda ya bi labarin daga farko, wannan kuwa shi ne babban amfanin littafin.

Yanzu sai aibu. Na fari ƙarami ne. Bayan Alamain Coningham da Janar Montgomery suka ɓata. Shi yana ganin Montgomery ya yi nawa wajen bin Romel, kuma ya kwashe yabon da ya kamata a raba da mayaƙan sama. Duk inda aka zo wannan gardama, alƙalamin marubucin sai ya karkata wajen mutuminsa. Wanda ya shekara da shekaru yana bin sawun mutum guda, da wuya ya fita bai zama maroƙinsa ba. Ku karanta wurin kuna sane.

Na biyu ya fi girma, shi ne kuma ya fi damunmu. Daga sama aka rubuta littafin. Shaidunsa takardun soja ne da bakin Turawan da suka san mutumin, na ƙasa ba su da baki. Ran da muka ba yara labarin tafiyar Kano a aji, muna nuna garuruwan a taswira, wani yaro daga Bukkuyum ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya share musu wuraren sauka?" Tambaya ta yi tambaya. Cikin 1925 ba jirgin ƙasa tsakanin Ubayyid ta Sudan da Kano. Man da jiragen suka sha a tsakani, ƙasa ya bi kafin ya hau sama, kuma hannun wani ne ya sare ƙaya, ya cike ramuka. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce ga kowa sai ga Bature. Ita ce hanyar alhazai, wadda kakanninmu na Zamfara suka taka da ƙafa da jaki, waɗansu su shekara biyu ko uku suna noma suna gaba, waɗansu su zauna Sudan har yau jikokinsu na can. Abin da suka yi cikin shekaru shi ya yi cikin kwana shida, aka ba shi lamba.

Akwai kuma na ƙasa iri na biyu. Tsakanin 1922 da 1924 Coningham ya shugabanci runduna ta 55 a Mosul ta Iraƙi, lokacin da Ingilishi suka ga ya fi araha su mallaki ƙasar da jirgin sama bisa ga su zuba soja. Ƙauyen Kurdawa da ya ƙi bin umurni sai a gargaɗe shi, in ya ƙi ji a sako masa bom. A takardar soja wannan aiki ne da aka gama lafiya. Mu kuwa da mu ke zaune inda rugugin jirgin yaƙi ya zama abin da yara suka sani, ba sai an gaya mana yadda ya ke a ƙasa ba. Muna murna in ya kori ɓarayin daji, amma ba mu mance da Tudun Biri ta ƙasar Kaduna ba, inda cikin Disamba na 2023 bom ya faɗa kan masu Maulidi bisa kuskure, mutum fiye da 80 suka rasu. Nan kirarinmu ya fi na Turawa faɗin gaskiya. Makaɗin Hausa in zai yabi mayaƙi ya kan ambaci garin da ya ci da wanda ya kayar, har mai sauraro ya san akwai wanda ya yi kuka. Haruffa uku ba su ambaton kowa.

Duk da haka muna so manyan 'yan makaranta su nemi littafin. Turancinsa ba mai tsauri ba ne, sai dai inda ya shiga lissafin rundunoni na yaƙin Italiya da na Nomandi cikin 1943 da 1944, can kam ya yi nauyi, wanda ya tsallake bai yi asara mai yawa ba. A ajiye taswirar Afirka kusa.

Coningham ya bar aiki cikin 1947. Ran 30 ga Janairu, 1948, yana fasinja cikin wani jirgi mai suna Star Tiger, su 31, sun tashi daga tsibiran Azores za su Bamuda, jirgin ya ɓace a kan teku. Ba a ga ko guntun ƙarfensa ba. A ranar ce kuma aka harbe Gandhi a Indiya.