Darasin Trovan: Mun Karɓi Diyya, Mun Bar Karatu

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Kano. Yara kusan 200 aka saka cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko jikinsu ya shanye. Iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin kuwa ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Abin da nake suka shi ne yadda muka mai da lamarin maganar diyya kawai. A ganina babbar tambayar ita ce: ina namu likitocin da lauyoyin da ya kamata su ce a dakata? Mun kuma ga abin da rashin yarda ya haifar. A 2003 Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna, kuma labarin Trovan na cikin hujjojin da jama'a suka riƙa kawowa. Kafin a ci gaba da allurar a 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Yau akwai doka. An fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007, dokar lafiya ta 2014 kuma ta wajabta rubutacciyar amincewa kafin a yi gwaji a kan mutum, ta hana asibiti korar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. To amma dokar da ba a karantar ba, wa za ta kare? Uwar da aka miƙa wa takarda da Turanci ta dangwala yatsa, ba a ce ta amince ba.

Saboda haka a mai da dokar lafiya da ladubban aikin likita darasi na dole mai jarrabawa, ga ɗaliban likitanci da jinya da shari'a. A fassara takardun amincewa zuwa Hausa, har da ajami, a yi bayaninsu a rediyo. Mu da ke karatu a ƙasashen waje, ya 'yan uwa, kada mu koma gida da sanin allura da fiɗa kaɗai. Mu koma da sanin haƙƙin majinyaci. Allah Ya sa mu dace.